Ranar da na je ɗauko Inna daga Lambara

Kafin wannan tafiya na yi imani cewa niyya ɗaya ta ishi mutum yini guda. In ya ƙulla ta da safe, kuma shi mai hankali ne, za ta riƙe shi har faɗuwar rana. Shekaruna hamsin, na yi karatun jami'a a Ingila, ina aiki a ofishin ilimi na lardi, kuma ban taɓa lissafa kaina cikin masu shagala ba.

Mun tashi daga Sakkwato bayan sallar Asuba, ni da direba, cikin kitika, ƙaramar motar ɗaukar kaya da wani aboki ya ara mini. Niyyata in ɗauko Inna, ƙanwar mahaifiyata wadda ta rene ni, daga Lambara. Cutar yanar ido ta rufe mata idanu biyu. Wani likitan ido Bature ya sauka a asibitin birni, kuma ranar ce ta ƙarshe da zai duba sababbin marasa lafiya. Wanda bai iso ba kafin rana ta faɗi, sai baɗi. Wurin zama mai laushi ɗaya ne a motar, kusa da direba, shi na tanadar mata.

Hanyar kudu jar ƙasa ce mai gargada, leburorin En'e, hukumar gargajiya, suna cike ramukanta da kwanduna. Bazara ta shigo, an cire albasa, saboda haka muka yi ta kauce wa jakuna da raƙuma masu nufin birni. Kusa da Dingyadi muka tsaya wajen mata masu fura da nono. Ƙwarya kwabo ɗaya. Direba ya ce a birni kwabo biyu ce, kuma rabinta ruwa.

Da hantsi muka shiga Bodinga. Akwai wani dattijo a garin, aminin marigayi mahaifina, da nake kira Baffa. Ba a wuce ƙofarsa, sai na sauka don gaisuwa kawai. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa da goro. Kafin mu ƙare tambayar iyali, zauren ya cika. Wani yana son a ɗauki ɗansa a makarantar midil, wani yana son a sallami nasa daga elementare ya koma gona, wani kuma an sa masa harajin ɗan'uwansa da ya tafi ci-rani. Babu buƙatar banza ko ɗaya a ciki, kuma na saurari kowace da zuciya ɗaya. Da na miƙe, Baffa ya riƙe hannuna.

"Tunda Allah ya kawo mota, ka kai ma ɗiyata albasa Shagari. In kun komo ka tsaya, na sa a yanka ma zakara. Sannan in bi ku birni. Gaba ni ka zama, gwiwoyin ga ba su son baya."

Na ce, "To, Baffa."

Ban ɓoye masa dalilin tafiyata ba. Bai tambaya ba, ni kuwa a wannan zaure dalilin ba ya gabana. Wurin da na tanadar wa Inna na bayar da shi da kalma ɗaya, ban ji komai ba sai daɗin an yi mini godiya.

Mun iske Shagari ranar kasuwa. Teloli sun jera kekunan ɗinki a ƙarƙashin rumfunan zana, maƙera suna gyaran fartanya tun damina ba ta faɗi ba, barkono da gishiri tsibi tsibi a ƙasa. Albasa ta yi arha har ana yi wa mai saye gyara ba tare da ya roƙa ba, abin da ya sa na yi mamakin wahalar da muka sha da buhunan Baffa. Neman gidan 'yarsa ya ci lokaci, ita kuma ta rantse ba za mu fita ba mu taɓa tuwo ba.

Muna fitowa sai ga masinja. Wani Bature da ke rangadi ya ji ina gari, tafintansa yana kwance da zazzaɓi, yana so in tsaya tsakaninsa da masu unguwanni a kan inda za a gina rijiya. Na tafi. Na zauna a inuwar bariki ina juya magana daga wannan harshe zuwa wancan, kuma gaskiya ita ce na ji daɗin aikin. Mutum yana son a buƙace shi. Kiran Azahar ne ya tashe mu.

A sahu, da na zo yin niyya, wani abu da na sani tun ina yaro ya tsaya mini a rai. Na yi niyya da Asuba, amma ba ta isar wa Azahar ba. Kowace salla sai an sake mata tata, ko da mai sallar bai canja ba. Ban san abin da ya sa na ɗauka cewa sauran ayyukan yini sun fi salla sauƙin riƙewa ba. Bayan sallama na tambayi kaina: daga nan zuwa La'asar, me na fito yi? Amsar gajera ce, kuma rana ta riga ta karkata.

Na koma bariki na shaida wa Baturen cewa ina da uwa makauniya da zan kai asibiti, malamin elementare na garin zai iya fassarar. Ya dubi agogonsa, ya ce ma yi magana a Sakkwato. Ban tambaye shi wace irin magana ba.

Hanyar Lambara rairayi ne, har sai da muka sauka muka tura motar. Kafin mu shiga garin na faɗa wa kaina cewa na zo in ɗauke ta ne mu juya. Na same ta zaune a ƙofar ɗaki, ta ɗaura zanenta na fita, ƙunshin kayanta a cinya.

"Wa an nan?"

"Ni ne, Inna."

"Malam na boko! Tun hantsi ni ka jin mota cikin kunnena, ashe ƙudaje na." Ta laluba hannun rigata ta sansana. "Warin albasa ni ka ji. Kasuwa kat tahi, ko ni kaz zo ɗauka?"

'Yan'uwa suka taso da tabarma da akushi. Na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, na sha ruwa a tsugune, na ba su haƙuri. Muka zaunar da Inna a gaba, ni na hau baya inda albasa ta kwanta da safe.

La'asar a gefen hanya muka yi ta, na sake tambayar kaina, na sake amsawa. Da rumfunan Bodinga suka bayyana kuma na maimaita, domin nan ne nake tsoro. Baffa yana tsaye a ƙofar zaure, ya sa babbar riga, sanda a hannu, ƙamshin zakara yana fitowa daga cikin gida. Na cire takalma na durƙusa a waje. Na gaya masa halin da ake ciki, cewa ba zan iya shiga ba, kuma gaba na Inna ne. In ya yarda ya hau baya tare da ni, zan shimfiɗa masa rigata.

"Da bakinka kac ce to."

"Na faɗa, Baffa. Bai kamata in faɗa ba."

Ya leƙa motar. "Ke 'yar Lambara, kin amshe min wuri!"

"Kai kana ganin hanya, tsoho," in ji Inna, "taka da ƙahwa."

Direba ya yi dariya, Baffa bai yi ba. Ya juya ya shiga zaure, bai amsa sallamata ba.

Mun shiga Sakkwato rana ta yi ja. Likitan yana wanke hannu lokacin da malamin asibiti ya shigar da Inna. Ya duba ta, ya ce zai yi wa idon hagu aiki, na dama sai wani zuwan. Ni kuma na koma gida da jar ƙasa har cikin gemu.

Abin da tafiyar ta nuna mini kaɗan ne. Ba mugun abu ne ya janye ni daga hanya ba, gaisuwa ce da taimako da ganin girman manya, kuma niyyar da na ƙulla da asuba ba ta ƙetare zauren farko ba. Har yanzu ban tabbata na yi wa Baffa daidai ba. Na aika masa goro, bai aiko da amsa ba.

An kwance wa Inna ido makon jiya, tana gani da na hagu. Ni kuwa tun daga ranar, duk ƙofar da zan shiga, ta ofis ko ta zaure, sai na tsaya na faɗa wa kaina abin da ya kawo ni.