Waɗanda Ke Cikin Motar

Yayana, wanda nake bi, ɗan kabu-kabu ne a Madawa, kuma ban san mutumin da ya kai shi son finafinan nan na masu tashi sama ba. Waɗanda harsashi ba ya huda su, masu ɗaga gida da hannu guda, masu rigar da ta matse jiki kamar fatar kalangu. Wayarsa cike take da su. In rana ta yi zafi fasinja sun ɗauke ƙafa, sai ya jingine babur a ƙofar gidan kawunmu, inda nake zaune saboda karatun lise, wato babbar sakandare, ya kafa ido a waya har a kira la'asar.

Ni kuwa raini nake yi musu. Malaminmu na faransanci ya koya mana cewa labari mai daraja shi ne wanda mutumin cikinsa ke iya faɗuwa ya kasa tashi, na kuwa haɗiye maganar ba tauna. Wata rana yayana ya shigo yana huci, wai ya ji cewa Turawan da ke raba babbar kyautar fim ta shekara ba su cika waiwayar irin nasa ba.

"Hassada ce tsagwaronta," in ji shi. "Duniya duka na kallo, su kuma su ɗauki kyauta su ba fim ɗin da mutum biyu ke zaune cikin ɗaki suna kuka."

Na ce, "Ai gara kukan, Yaya. Naku tun daga farko an san ƙarshe. Akta ba shi mutuwa, shef bandi, uban mugayen, ba shi kai labari. Kyautar mi za a ba su? Ta ɗinkin riga?"

"Ji ta, madam lise! Faransanci ya hau miki kai. Ke ko wadda za ta ga ƙadangare ta watsar da tulu."

Matar kawu ta yi dariya har ta saki muciya. Wannan a bazara ne, kafin ruwa ya sauka.

Da aka ba mu hutu ban tafi gida nan da nan ba, sai da damina ta yi nisa. Garinmu ƙauye ne kusa da Tama, kuma hanya ɗaya ce ke kai mutum can daga Madawa. Na shiga motar kasuwa da ta cika har bisa. Kusa da ni wata mata ce mai saƙar tabarma, ta kai kayanta kasuwa ta sayar, tana komawa wani gari wajen Allakaye. Ba ta kai innata shekaru ba. Ta ba ni dabino daga bakin zanenta, ta tambaye ni ajin da nake, da na faɗa mata ta ce, "Allah shi ba da sa'a, ɗiyata, ki zama likita ki duba mana gwiwa." Ban tambayi sunanta ba. Ba a tambayar suna a mota.

Inda muke ko ɗigo bai sauka ba, rana ma ta fito. Amma duk ɗan Adar ya san kori yakan kawo ruwan da aka yi can bisa duwatsu, ruwan da ba ka gani ba. Da muka iso radiye, simintin nan da ake shimfiɗawa a gindin kori don mota ta bi, ruwa na gudu a kai, ja, bai kai gwiwa ba. Direba ya sauka ya duba. Maza suka yi ta gardama, wasu na cewa a jira, wasu na cewa a wuce tun bai ƙaru ba. Aka wuce. A tsakiya injin ya mutu.

Daga nan ba na iya jera abin yadda ya faru. Na tuna ƙara, kamar ana zuba tsakuwa daga babbar mota. Na tuna ruwa ya shigo ta ƙasan ƙofa, sanyinsa a idon sawuna, sai ga shi a cinya. Motar ta juya a hankali. Mutanen da ke noma a gonakin bakin kori suka yar da hauya suka zo a guje da igiyoyin rijiya, suka ɗaura a gindin wani icce, suka shigo a jere, kowa riƙe da na gabansa. Wani da ban taɓa gani ba ya jawo ni ta taga. Igiyar ta sale mini hammata, tabon na nan. Mai tabarma ta fita ta ɗayar tagar, wajen da ruwa ke tafiya. Sai washegari aka same ta, can ƙasa, cikin lambun wani.

A gida aka fara zuwa barka. Haka ake yi, wanda ya tsira daga wuta ko ruwa ko haɗarin hanya, gari duka zai zo. Mata suka yi ta shigowa da ƙwaryar fura, da ɗan sukari, da sabulu. "Barka da arziki. Barka, barka. Allah shi kiyaye gaba." Abin da ake so in ce kaɗan ne, alhamdu lillahi, amin. Sai bakina ya ƙi. Duk wadda ta ce barka, sai in ga wani gida wajen Allakaye inda aka shimfiɗa tabarmi, wataƙila ma saƙar mai tabarmar nan ce, mutane na shigowa suna cewa ya haƙuri. Kujera ɗaya muka zauna ni da ita. Inna ce ta riƙa amsawa a madadina, tana cewa a yi mini uzuri, yarinyar ba ta dawo daidai ba.

Ban kuwa dawo ba. In aka juye ruwa daga bokiti zuwa randa sai gabana ya faɗi. In hadari ya haɗu sai in shige ɗaki in toshe kunne. Liman ya yi rubutu na sha, na ji dama kaɗan. Amma ko ƙarar mota na ji daga nesa, sai in nemi wurin ɓuya. Ga shi shekarar da zan shiga a makaranta ita ce ta ƙarshe, shekarar jarrabawar bak. Baba ya kira ni wata safiya kafin ya tafi gona, bai kalle ni sosai ba, ya ce, "In ba ki iyawa, ki zamna. Lakwal ba ta fi rai ba, kuma ba wanda zai zarge ki." Da tausayi ya faɗa. Na san kuma in na zauna bana, na zauna ke nan.

Yayana ya zo duba ni bisa babur. Bai yi mini ba'a ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Da zai koma ya ajiye mini tsohuwar wayarsa, ya ce, "Ki rage zaman shiru. Babu na masu kuka ciki, ki yi haƙuri da abin da ya samu."

Ta daɗe a ƙarƙashin matashi ban taɓa ta ba. Wata rana da hantsi, kowa na gona, na zauna gindin iccen bedi na buɗe fim ɗaya. Ana cikin tafiya sai ga gada ta karye, wata doguwar mota cike da mutane ta faɗa kogi. Saura kaɗan in jefar da wayar. Ruwa na hawa tagogi. Sai mai rigar nan ya faɗo daga sama, ya nutse, ya ɗago motar duka a kafaɗa ya ajiye ta a tudu. Na mayar baya na sake kallo. Na sake. Sai na lura ba shi nake kallo ba, na cikin motar nake kallo.

A haka kakata ta same ni, uwar Baba. Mahaifinta yana cikin masu riƙe da al'adun da kafin gidansu ya kama salla, don haka zancen magani da laya ba baƙo ba ne wurinta. Ta zauna da kabarta tana saƙa, ta leƙo.

"Wanga ɗan tauri ne?"

"Ya fi ɗan tauri, Kaka. Tashi yake yi sama."

"To mi aka hana shi ci? Babu maganin da ba shi da sharaɗi."

Na ce ban sani ba. Ta ce lalle akwai, ɓoyewa yake yi. Ta kuma ce wandon nan nasa, in ɗanta ne, ba zai fita da shi ƙofar gida ba. Ina fassara mata faransancin tana gyaɗa kai, har muka zo wurin motar. Nan ta ajiye kaba. Da aka wuce wurin, mai rigar ya tashi ya tafi neman shef bandi, sai ta dafa hannuna.

"Tsaya. Ina mai jar rigar?"

"Wace?"

"Wadda ke bakin taga, mai jaka. Ya aje su bakin gulbi ya tahi abinai? Wa ya kai su gida?"

"Kaka, wasa ne. Biyansu aka yi su zauna cikin motar."

"Ko wasa ne, ai a kai su gida. Ba wanda ya zo musu barka?"

Na ce ba a nuna ba. Ba ta yarda ba, ta ce ni ce na tsallake da wannan danne-dannen nawa. Dole muka kalli fim ɗin har ƙarshe muna neman mai jar riga. Aka rushe gidaje, aka kashe shef bandi, aka yi kiɗa, rubutu ya hau. Ba ta sake fitowa ba. Kaka ta ɗauki kabarta ta ce, "Ƙarhi gare shi, amma bai iya gaisuwa ba." Na yi dariya, ta farko tun ranar kori, sai dariyar ta juye kuka, ta bar ni na yi abina.

Na yi ta tunanin gardamarmu da yayana. Da nake cewa babu tsoro cikin finafinan nan tun da akta ba ya mutuwa, wurin da ba shi ba nake dubawa. Tsoron na nan, an dai ba waɗanda ba su da suna, a nuna su kamar ƙiftawar ido a wuce. Mai jar rigar nan, da ruwa ya kai mata ƙirji, ta buɗe baki amma sauti bai fito ba, hannunta na ta gyara igiyar jaka a kafaɗa kamar jakar ce abin ceto. Haka ake yi. Mu ma ba mu yi ihu yadda mutane ke zato ba, wani dattijo ma hularsa yake ta nema. Wanda ya ce mata ta yi haka, ko dai ya taɓa shiga ruwa, ko ya zauna da wanda ya shiga. In da ni ke raba kyautar, ita zan fara nema, kuma na tabbata ko sunanta masu rabon ba su sani ba.

Amma maganar Kaka ma na nan. Abin da ya fi wuya ba ya cikin ruwa, yana bayan an fito: kwanakin da mutum ke zaune ana ce masa barka ya kasa amsawa, da gidan da nasu bai dawo ba. Nan ne daidai fim ɗin ke ɗauke kai ya bi mai riga sama. Ban ga yadda za a ba shi kyautar da ta fi kowace ba alhali bai tsaya nan ko kaɗan ba.

Duk da haka ba zan ɓoye ba, na kalli wurin motar nan har na daina lissafi. A cikinsa kowa na fita. Liman ya ce ƙaddara ce, na yarda, ban taɓa jayayya da wannan ba. Sai dai wayar ta ba ni wani ɗan wuri, ƙarami kamar tafin hannu, inda nake iya kallon ruwa na hawa taga ba tare da na toshe kunne ba, don na san za a ɗago. Ban san sunan da malaminmu zai ba wannan ba, ko zai ce yana da daraja. Ni dai a lokacin ba ni da wani abin da ya yi mini wannan aikin.

Da aka fara yankan hatsi, saura kaɗan a koma lakwal, yayana ya dawo. Baba bai sake tayar da maganar ba, Inna kuma ta wanke mini kaya ta ninke ta ajiye inda zan gani. Na ce mota kam ba zan shiga ba. Yayana ya ce babur ai ba mota ba ne. Muka ɗaure jaka a baya, muka kama hanya bayan an karya kumallo.

A hanya ya waiwayo ya ce, "To madam, a ba su kyautar ko a hana su?"

Na ce, "A ba su rabi. Sauran sai ran da suka kai mutane gida."

"Rabi kamar goro? Kaka ta lalata ki."

Tun daga nesa na gane iccen da aka ɗaura igiya. Na buga bayansa na ce ya tsaya. Korin ya bushe, yashi ne fari, sai ɗan danshi a gefe inda wasu ke gyaran fangalin albasa. Na ce ya wuce da babur, zan taka da ƙafa. Ya wuce ya tsaya can ƙetare ya kashe inji.

Simintin ya fi yadda nake tunawa gajarta. Ina jin ƙarar nan a kunne ko da yake babu komai sai kukan kurciya. A tsakiya na tsaya, na juya wajen da ruwa ke tafiya, na karanta wa mai tabarma Ƙulhuwallahu, na roƙa mata gafara. Wani mai lambu ya ɗago kai ya ce sannu, na amsa. Sannan na ƙarasa.

Har yau, a Madawa, in matar kawu za ta juye ruwa a randa sai ta fara kiran sunana don in sani. Ban san ranar da wannan zai wuce ba. Ranar da na taka simintin dai, na koma na hau babur na riƙe rigar yayana da hannu biyu. Ya tambaye ni ko ya yi sauri ko a hankali. Na ce a hankali.