Jan Fenti a Hantsar Lamba Tamanin

Keepa Tamihana, taubashina, tun da aka yaye shi ba wanda ya taɓa ganinsa zaune. Shanu ɗari uku yake tatsa a gindin dutsen Taranaki, ko shayi a tsaye yake kurɓa, ƙafa ɗaya cikin takalmin roba. Ga maƙo. Ba shi tsinken ashana ka ga ya tsaga shi uku.

Ƙa'ida dai sananniya ce: saniyar da aka sa wa maganin kumburin hantsa, a fesa mata jan fenti, a tatse ta daban, madararta ba ta shiga tanki, don maganin na fita a cikinta. Keepa kuwa ɗigo ɗaya yake yi, kamar cizon sauro. Maganin ma na kwana uku ne, amma da kumburi ya saɓe sai ya ɓoye sauran. Likitar dabbobi ta gaji da faɗa masa, "Ba kashe ƙwayoyin cutar kake ba, makaranta ka buɗe musu." Saniya mai Lamba Tamanin ce ta fara kawo shaida: karo na uku ke nan ana mata magani, ciwon ko gezau.

Ran Talata aka wuni ana ruwa. Da ya gama tatsar yamma ya leƙa garken masu ja, ya ga huɗu. Biyar ya bari da safe. Ruwa ya wanke ɗigon, Tamanin ta bi 'yan uwanta, madararta na cikin tanki, tankar kamfanin da ke kwasar madara kuma na hanya.

Ya zaga tankin nan sau saba'in, har siminti ya lotsa. Matarsa Hinewai na bakin ƙofa.

"Tsoho, rijiya kake haƙa mana?"

"Saniya ɗaya cikin ɗari uku, Hine. Cokali ne a teku. Wa zai sani?"

Ta miƙa masa kofi. "To ɗebo wa jikarka Marama, tana ciki tana jira."

Ya karɓa, ya je bakin famfon tankin, ya dawo, ya sake komawa. Ya dubi kofin kamar shi ya zage shi. Can ya jawo tiyon tankin ya karkata shi zuwa ramin kashin shanu, ya buɗe.

Direban tankar ya iso ya tarar da farin kogi.

"Yau shanun yajin aiki suke, Keepa?"

Keepa ya riga ya tsallake shinge cikin ruwan, yana bin shanu ɗari uku ɗaya bayan ɗaya yana duba lambar kunne, kafin Tamanin ta sake shigewa layi da safe.