Ƙusar Igiyar Shanya

Mahaifiyata wanki da guga take yi tun kafin in yi wayo. Duk layinmu Mai Guga ake ce mata, kuma in ta goge maka riga har tausayin zama a cikinta kake ji. Igiyar shanyarta ita ta ɗaure abinta a bayan gida, daidai inda hannunta yake kaiwa.

Shekaru kaɗan bayan al'ada ta ɗauke mata, sai ta fara mita wai an ɗaga mata igiya. Ta zargi yayana, ta zargi maƙwabta, ni ma ban tsira ba. Ashe ba wanda ya taɓa igiya, tsawon Umma ne yake raguwa. Ta samo 'yar kujera tana takawa. Ranar da kujerar ta goce, faɗuwar ba ta taka kara ta karya ba, amma sai ga karaya a wuyan hannu.

A asibiti likita ta duba hoton, ta ce ƙashin Umma ya yi rauni, cikinsa ya zama kamar soso, kuma hakan yana samun mata da yawa in al'ada ta ɗauke. Yaya bai bari ta rufe baki ba.

"Umma, wanki ya ƙare. Ki dawo gidana ki zauna, komai a yi miki."

"Komai? Har numfashin ma a yi mini?"

Na yi dariya, amma na ga tsoro a idonta. Ba karayar take tsoro ba, zaman take tsoro. Likita ta ce ai zama ba magani ba ne, ƙashi yana son motsi. Hawa kujera, ɗaukar bokiti cike da yawan sunkuyo su ne za ta bari. Ta ba ta zaɓi: ƙwaya sau ɗaya a mako, ko ƙarin ruwa sau ɗaya a shekara. Umma ta ce a ba ta ƙwayar, ta fi son abin da za ta riƙe da hannunta.

Da aka cire ɗaurin hannun, ta sa Yaya ya sauko da igiyar, ya kafa sabuwar ƙusa. Ta ce masa, "Ranar da hannuna ya kasa kaiwa nan, zo ka ɗauke ni, ba zan yi musu ba."

Matar da ko maganin ciwon kai sai an yi daga da ita, sai ga ta tana shan ƙwaya da sassafe da kofi cike da ruwa, ta tsaya ƙyam ba kwanciya, kamar yadda aka ce. Madarar da take cewa ta jarirai ce ta koma sha kullum, tana yatsina fuska. Ta kyautar da kujerar, ta ɗora bahon wanki a kan tebur, ta naɗe ledar ɗakin da ke harɗe ƙafa. Da hantsi takan zaga layi da takalmi mai igiya, tana gaisawa da kowa. Wallahi in na hango ta sai in ji kaina ya yi girma.

Shekara ta zagayo, likita ta auna ta, ta ce tsawon yana nan, ƙashin ma ya ɗan yi ƙwari. Muka iso gida. Umma ta kira Yaya bayan gida, ta miƙa hannun nan da ya karye, ta kama igiya ba tare da ta ɗaga dunduniya ba.

"Ɗakin da ka gyara mini, sa wa baƙi katifa," in ji ta. "Cire rigar nan kuma in goge maka, duk ta yamutse."