Gungun da Ya Ƙi Natsuwa

Babu mahalukin da ya san zaman lafiyar sararin samaniya kamar Malam Tsintsiya. Haka dai ya ce, kuma a ofishinsa na ƙarshen baranda, jikin banɗaki, ba a taɓa samun mai musu ba.

Tun yana da baƙin gashi aikinsa gungu ɗaya ne: ɗaruruwan garkunan taurari da suka taru wuri guda, can inda ido ba ya kaiwa. Daga launin hasken kowane garke yake auna gudunsa. In gungu ya natsu, aka jera gudun a allo, sai ya yi tudu ɗaya: masu matsakaicin gudu jibge a tsakiya, 'yan gaggawa da masu nawa a gefe. Nasa ya yi tudu ɗaya, sumul. Ya rubuta, aka buga, kuma da wannan takarda ya ci, ya sha, ya aurar da 'ya'ya.

Sai dai tudun ba da kansa ya yi sumul ba. Duk garken da gudunsa ya kauce, Malam kan ce baƙo ne mai wucewa, ya share shi. Ƙa'idar aiki ce, kowa na yi, shi dai hannunsa ya fi nauyi. Nan ya samo sunan.

"Da haka kake share ɗakinka, Malam, ai da na huta," in ji matarsa.

Da aka girka sabon madubin hangen nesa, shi da bakinsa ya roƙi a sake auna gungun, don ya bar aiki da hujja a hannu. Abokiyar aikinsa, wadda suka tsufa tebur na kallon tebur, ita ta buɗe sakamakon. Ta daɗe tana goge tabarau.

"Yaya, zo ka ga baƙinka."

"Share su."

"In na share su, rabin gidan ya tafi."

Tudu biyu ne a allon. Waɗanda ya yi ta kora shekara da shekaru gefen na biyun ne kawai. Gungu biyu ne suke karo, ɗaya na ratsa cikin ɗaya, kuma suna cikin yi tun kafin ranar da ya fara aiki.

"Laifin madubin ne," in ji shi.

"To, Allah ya ba madubin lafiya," ta ce, ba tare da ta dube shi ba.

Ya koma kujerarsa. Fankar sama na ta ƙara. Har aka tashi bai taɓa komai ba, sai kofin shayin da ya huce, shi ma matsar da shi kawai ya yi.

Washegari, don tausayi, ta kawo masa lissafi. Maganarsa ba ta faɗi ƙasa gaba ɗaya ba: gungun zai natsu, ya yi tudu ɗaya kamar yadda ya rubuta, nan da shekara biliyan biyu ko uku.

Ƙarshen wata zai yi ritaya.