Fim Ɗin Da Aka Haska Mana Baibai A Chalawa

Can a shekarun baya, zamanin da masaƙun Chalawa ke ruri ba dare ba rana, ni ma ina cikin masu tsayuwa gaban injin saƙa. Ku da kuke kallon fim a tafin hannu ba za ku gane irin haukan silimar da muka yi ba. Nawa haukan ma daban ne. Jama'a na rububin fim ɗin Indiya da na 'yan Sin masu tashi sama, ni kuwa sai na ban tsoro: fatalwa, kangon gidan da ƙofarsa ke buɗe kanta, irin wanda in an tashi kowa ke tsaki yana cewa an cuce shi. Ni a nan nake samun abin da nake so. Zama nake yi kamar mai mafarki ido biyu, ba na ko son a kunna fitila. Mahaifiyata har rubutu ta sa aka yi mini, wai ko iska ce ta shafe ni. Na shanye tas, na wuce silima.

A wurin aiki Sarkin Fatalwa ake kirana. Kuma ina da wani hali mai ban haushi: in mutum yana ba da labarin fim ya kuskure ko da tari ne, sai na katse shi na gyara.

Ina da wani abokina mutumin Damagaram, injinsa na maƙwabtaka da nawa, ɗaki ɗaya muka kama a Panshekara. Shi ko ƙofar silima bai taɓa takawa ba. "Ni in biya kuɗi a tsorata ni?" in ji shi. "Ai heluma, shugabanmu na wurin aiki, yana yi mini kyauta kullum." Mutum ne mai raha, hirarsa kuma ba ta wuce ta matarsa da ya baro a gida.

Sai aka aiko masa ba ta da lafiya. Ya tafi ya yi jinyarta, Allah ya karɓi abarsa. Wanda ya dawo mana ba shi ne ya tafi ba. Ba ya magana, ba ya cin na kirki. Zai tsaya gaban inji, zare ya tsinke, ƙoshiyar saƙa na ta kaiwa da komowa, shi ido na can wani wuri. Ranar da injin ya kama hannun rigarsa ya yage ta har kafaɗa, heluma ya ja ni gefe.

"Ka ja wa ɗan'uwanka kunne," ya ce. "Gara in sallame shi da hannu biyu, da in kai shi asibiti da ɗaya."

Na yi nasiha, na yi barkwanci, duk a banza. Sau ɗaya kawai ya buɗe mini cikinsa, muna tura kekunanmu a hanyar gida. Ya ce, "Ba mutuwar ba ce, wannan hukuncin Allah ne. Fuskarta ce ta ɓace mini. In na rufe ido, ta kan tabarmar jinya kaɗai nake gani. Ta da can ta ƙi zuwa." Na ce Allah ya ji ƙanta.

To, a ƙarshen shekara kamfani kan ɗauko hayar majigi a haska wa ma'aikata fim a ɗakin cin abinci. Da manaja ya tambayi wa ya san harkar, kowa ya nuno ni. Tun kafin rasuwar na riga na zaɓa: wani tsohon fim na wata ƙasa mai teku, da yaren da ba mai ji. Ni na sha kallonsa, na haddace shi kamar sunana.

Ranar Asabar bayan azahar, da jiniya ta sallami 'yan aikin safe, aka toshe tagogi da baƙin yadin da ya lalace wurin rini. Na kamo hannun abokina na ce yau sai ya shiga, tunda kyauta ne. Bai yi musu ba, ya daina musu da kowa. Sai da muka zauna a benci aka kashe fitila, sannan hankalina ya dawo jikina. Innalillahi! Fim ɗin fa labarin wani masunci ne da matarsa, a faifai uku. Faifan farko suna zaman daɗi, na biyu ruwa ya cinye ta, na uku fatalwarta ke zuwa masa har ya zautu. Ni ban taɓa ɗaukarsa labarin mace-mace ba, fatalwar kawai nake tunawa. Ga shi na jawo mai sabon rashi na zaunar da shi gaba-gaba. Wallahi na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sai haske ya faɗa kan farin yadi, na ga abin da ban gane ba. Masuncin zaune shi kaɗai, gemu buzu-buzu, ga matar tsaye bakin ƙofa, ruwa na ɗiga daga gashinta. Faifai na uku ne!

Daga baya na gano yadda aka yi. A masaƙarmu duk kayan da aka kawo, mai sito zai fito da su ɗaya bayan ɗaya ya ɗora wani kan wani, mai ɗauka kuma daga sama yake farawa, kamar kwarkwaron zare. Haka mai sito ya yi wa gwangwanayen fim ɗin, na farko ya koma ƙasa. Lambar jikinsu ta goge don tsufa. Mai gyaran lantarkinmu, da aka ba wa majigin, shi ma ɗan masaƙa ne, ya ɗauko na sama.

Na yunƙura zan je in gyara, abokina ya damƙe mini hannu. "Zauna," ya ce. Na zauna.

Ban taɓa kallon fim irin na ranar ba. Burbushin audugar da ba ya rabuwa da iskar masaƙa yana ta yawo a cikin hasken majigin, a hankali, kamar mu ma a ƙarƙashin ruwa muke. Ta bango ana jin gunjin injinan 'yan aikin rana, sai ya zame mana ƙarar teku. Fatalwar ta zo ta tafi, ta zo ta tafi. Wani daga baya ya ce, "A'uzubillahi! Sarkin Fatalwa, Allah ya isa!" Aka yi dariyar tsoro. Aka sa faifai na biyu: kwale-kwale ya kife, aka tsamo ta, aka binne. Ina jin yatsun abokina na nutsewa a hannuna, ban ko motsa ba.

Sannan aka sa na farko, wanda ya zama na ƙarshe. Rubutun buɗe fim ya fito, ba wanda ya kula. Sai ga rana ta fito fes a bakin teku. Ga matar nan da ranta, tana shanya kifi, tana korar tsuntsaye da gefen zanenta. Mijin ya taho ta baya ya ɗauke mata kwando, ta bi shi da gudu tana dariya. Ba abin da ya faru a faifan nan, wallahi, in ban da zaman gida: ta dafa, suka ci, ta ɗinke masa komar kamun kifi. A ƙarshe ta raka shi bakin ƙofa, ƙofar nan dai da ta tsaya tana ɗigar ruwa, ta waiwayo tana murmushi. Faifai ya ƙare, yadi ya yi fari.

Aka yaye tagogi, hasken la'asar ya shigo. Jama'a na ta gardama, wasu na cewa aljana ce ta musulunta, wasu na cewa mafarki mutumin ya yi. Abokina bai tashi ba, fuskarsa sharkaf.

"Tana da wushirya," ya ce. Na ɗauka matar fim yake nufi, har na buɗe baki zan gyara masa. "In za ta yi dariya sai ta rufe baki da bayan hannu, wai kar in gani. Ka ga fuskarta ta dawo mini." Ya share fuska da hula, ya dube ni. "Haka yake ƙarewa?"

Ni da ban taɓa barin kuskuren fim ya wuce ni ba, na ce, "Haka yake ƙarewa."

A hanya ya tsaya ya sayi rake, ya ɓare, ya miƙo mini rabi. Ranar Litinin zare na tsinkewa ya ɗaure shi kafin ma in waiwaya. Heluma ya zo ya tsaya a bayansa jim kaɗan, ya wuce. Da hannunsa biyu abokina ya bar masaƙar nan, sai da ita kanta ta rufe.

Har yau ina son finafinan ban tsoro, jikokina na yi mini dariya. Amma wancan ban sake kallonsa a daidai ba, kuma ba na so. Na daina yi wa mutane gyara in suna ba da labarin abin da ya wuce, don na lura kowa da inda yake so nasa ya tsaya, kuma sau da yawa yana da dalili.

Bayan mun tsufa na kai masa ziyara Damagaram, muna zaune a zaure na ga ya kamata in faɗa masa gaskiya. Na ce, "Ka tuna fim ɗin nan na Chalawa? Baibai fa aka sa shi."

Ya yi dariya har da tari. "Kai, Sarkin Fatalwa, sai yau? Tun muna kan benci na gane. Ai mamaci ba ya dawowa shanyar kifi."

"To me ya sa ka hana ni gyarawa?"

Ya kalli ƙofa. Ya ce, "Na daidai ɗin ai na riga na kalle shi a gidana."