Ƙamshin Alhamis a Gidan Norkul Domla

A unguwarsu, bayan babbar kasuwar Kokand, ba a kiran Norkul domla, wato malam Norkul, da sunansa sai a gaban idonsa. A bayan ido Hanci ake ce masa, kuma ba don hancinsa ya fi na kowa tsawo ba. Sunan ya samo asali ne tun zamanin Sobiyet, lokacin da yake koyar da kimiyya a makarantar unguwa, aka kuma ɗora masa darasin nuna wa yara cewa babu Allah. Kowace safiyar Juma'a yakan tsaya a bakin aji, yara suna shiga, shi kuwa yana sunkuyawa yana shinshina wuyan rigunansu. Wanda duk ya ji ƙaurin man angurya a jikinsa, ya san jiya Alhamis uwarsa ta ɗora kasko ta soya calpak, siririyar wainar fulawa, domin ƙamshin ya tashi ya kai ga mamatan gidan. Sai ya fito da yaron gaban allo.

"To, Kobil, faɗa wa aji. Kakanka da ya daɗe a ƙasa, da wane hanci ya shaƙa? Ƙasa ta cinye sauran jikin ta rage masa hanci ne?"

Aji ya kwashe da dariya. Kobil ɗan mahauci ya tsaya yana kallon takalminsa, kunnuwansa jawur.

Ba don neman muƙami Norkul yake yi ba. Da gaske yake, kuma yana da dalili. Yana yaro mashaƙo ya kama ƙanwarsa Oynisa. Asibiti ba nisa, amma uwarsu ta goya ta zuwa kabarin wani waliyyi, ta ɗaura tsumma a reshen bishiya, ta yanka zakara. Yarinyar ta cika a hanyar dawowa, tana jan numfashi kamar ana zuƙar ruwa da kara. Jami'ar Tashkent ba ta koya masa rashin imani ba, kalmomi kawai ta ba shi na abin da ya riga ya yanke. Hujjarsa biyu ce, kuma bai taɓa ƙara ta uku ba. Duk abin da yake akwai yana barin alama, ko nauyi ko zafi ko inuwa, to a kawo masa abin da zai auna. Sannan mai jin ƙai da yake gani ba zai tsaya kallon yarinya tana shaƙewa ba.

Matarsa Mastura ɗinki take yi a masaƙa. Ba ta taɓa yi masa gardama ba. Tana sallarta a ɗakin ajiya bayan buhunan fulawa, shi kuma yana yin tari kafin ya buɗe ƙofar. Sun daɗe ba haihuwa, sai da aka fara fid da rai sannan Zebo ta zo. Ita kaɗai ce take ce masa Hanci a gaban idonsa. In ya dawo daga makaranta takan kama wuyan rigarsa ta shinshina, ta yamutsa fuska irin tasa, ta ce, "Alli da taba. Wuce, ba ka da laifi."

Da Sobiyet ta rushe, waɗanda suke tafa masa a wurin lacca suka tara gemu suka kama sahun gaba a masallaci. Norkul bai canza ba, har yana alfahari da hakan. Yakan ce shi dai riga ɗaya gare shi.

Zebo tana tsakiyar karatun jami'a shawara ta kama ta. Ran da idonta ya fara canzawa ya kai ta asibiti. Babu kabarin waliyyi, babu tsumma, babu zakara. Duk maganin da likita ya rubuta sai da ya nemo, wani ma daga wani gari. Ya yi komai daidai, ta rasu. A wurin jana'iza ya shiga sahu don ba yadda zai yi, ya ɗora hannu kan hannu, leɓensa bai motsa ba. Daga ranar bai sake furta sunanta ba. In ta kama dole yakan ce "yarinyar". Mastura kuwa ta ci gaba da kiransa yadda matan aure suke kiran mazajensu, Baban Zebo, shi kuma yana juyowa.

Alhamis ɗin da ta biyo baya Mastura ta fito da kasko tsakar gida, ƙarƙashin rumfar inabi, a fili. Bai hana ta ba. Ya ɗauki hularsa ya fita. Haka ta zama al'ada shekara da shekaru: da ta fara kwaɓa fulawa sai ya nufi gidan shayi, inda Turgun aka, wato yaya Turgun, tsohon makanikin jirgin ƙasa, yake jiransa da allon dara mai doki da sarki. An kawo wa Turgun ɗansa daga yaƙin Afghanistan a akwatin ƙarfe a liƙe, bai ko ga fuskarsa ba. Ba ya fashin salla.

"Domla, kai fa ka ce babu Shi, amma kullum fushi kake da Shi," in ji Turgun wata rana yana zuba koren shayi. "Ni ban taɓa ganin wanda ke gaba da ɗakin da ba kowa a ciki ba."

"Ba fushi nake ba, aka. Lissafi nake."

"To lissafa mini wannan. Yaron nan nawa, ban san yadda ya ƙare ba, ko ya kira uwarsa, ko ya nemi ruwa. In babu wanda ya gani, ya tafi ke nan kamar ruwan da aka zubar a yashi. Ni ba zan iya ɗaukar wannan ba. Dole akwai Wanda ya gani."

"Rashin iya ɗauka ba hujja ba ne."

"Na sani. Taka ma ba daga littafi ta fito ba, daga maƙogwaron ƙanwarka ta fito. Matsa dokinka, tsohon kafiri, shayi na hucewa."

Haka suke, ba wanda ya ja wani.

Sai wani sanyi, ranar Talata, Mastura ta zame a ƙanƙarar bakin famfo ta karya hannun dama. Aka naɗe mata shi har gwiwa. Ranar Laraba a gidan shayi Turgun ya tare shi da dariya.

"Albishirinka, ka yi aboki. Sabon liman ya ce suyar Alhamis bidi'a ce, wai matattu ba sa shaƙa, addu'a suke so. Kusan maganarka ce sak, sai dai shi ya fara da bisimilla. Matan unguwa duk sun tsorata, babu wadda za ta zo ta soya wa matarka."

Norkul ya ɗauka zai ji daɗi. Abin da ya ji kuwa kamar an kama shi ne yana taya wani dukan tsohuwa.

Ranar Alhamis da azahar ya ɗauki hula kamar kullum. Da ya biyo ta madafa ya ga Mastura ta rungume kwano a ƙirji da karyayyen hannun, tana ƙoƙarin kwaɓawa da hagu. Fulawa ta zube mata a siket. Ba ta kalle shi ba.

"Bari, Mastura. Mako ɗaya ne."

"Baban Zebo, tun da ta tafi ban taɓa fashi ba."

Ya ce, a hankali, kamar mai cire ƙaya, "Kin san babu wanda ke zuwa."

"Ban tambaye ka ko tana zuwa ba. Kai ka tabbata ba ta zuwa, ni ban tabbata tana zuwa ba. Amma in ta zo ta tarar da murhu a sanye, ta juya, wa zai je ya ba ta haƙuri? Kai?"

Mutum ne da ba ya faɗin abin da bai auna ba. Ya dubi fuskarta, ya dubi hular da ke hannunsa. Ya rataye hular, ya naɗe hannun riga.

Ta zauna kan kujera tana ba da umarni. "Gishiri kaɗan. Kaɗan na ce! Mutumin da ya san nauyin wata bai san ɗanɗanon gishiri ba. Murza shi ya yi siriri, ba tafin takalmi muke yi ba." Ya hura wuta a tsakar gida, ya zuba man angurya. Da man ya fara hayaƙi ƙamshin ya tashi, ya haura katanga ya shiga lungu. Ya san babu gidan da ba zai ji ba, kuma kowa ya san hannun Mastura a karye yake.

"Yanzu ka ambaci sunanta kafin ka jefa," in ji ta, "don ta san nata ne."

Ya riƙe ƙullun a saman kasko. Zafi yana dukan bayan hannunsa.

"Ke faɗa."

"Wanda ya jefa shi ke faɗa."

Ya jefa shiru. Na farko ya ƙone. Ya jefa na biyu, na uku, duk shiru. Mastura ta kawar da kai tana kallon busassun rassan inabi. Da ya gama ta jera su a faranti da hannun hagu, ta rufe da tawul.

"Ba a cinyewa a gida. Sai an raba wa maƙwabta. Ni ba zan sake taka ƙanƙarar nan ba."

Wannan ne bai kawo a ransa ba. Ya fita da faranti a hannu biyu, rigarsa ta jiƙe da ƙaurin mai. Ƙofofin da ya ƙwanƙwasa, rabin masu su ɗalibansa ne. Matan da suka buɗe suka karɓa da sauri, idonsu a ƙasa, kamar su ne aka kama. A wani gida ya ji dariya ta ɓarke bayan an rufe. Ya so ya tsallake gidan ƙarshe, amma Kobil na tsaye a ƙofa yana goge wuƙa, ya yi furfura, ya yi tumbi, jikokinsa na ihu daga ciki.

"Assalamu alaikum, domla."

Norkul ya buɗe tawul ɗin. Ya ga hancin mutumin ya motsa, ya ga idonsa ya sauka kan wuyan rigarsa mai ɗigon mai. Ya jira. Ya ma so a faɗa, da ya fi sauƙi. Tambayar tana nan a tsakaninsu da kalmominta duka, shi ya ƙera ta.

Kobil ya ajiye wuƙar, ya goge hannu a zanen gabansa, ya ɗauki guda ɗaya, mai ƙonannen baki.

"Hannunku ne, domla? An gani." Ya ɗan murmusa. Sannan ya yi tambayar da ake yi wa duk wanda ya kawo. "Wa za a ambata?"

Kobil ya san amsar. Yana cikin waɗanda suka ɗauki makararta. Amma mai kawowa ne ke faɗa da bakinsa.

Norkul ya buɗe baki. Muryar da ta fito ba irin ta aji ba ce.

"Zebo."

Kobil ya ɗaga hannu ya yi gajeriyar addu'a, ya roƙa wa Zebo 'yar Norkul haske a kabari, ya shafa. Hannun Norkul biyu suna riƙe da faranti, don haka bai ɗaga ba, bai kuma ƙi ɗagawa ba. Ya gode wa farantin a ransa, nan take kuma ya ji kunyar godiyar.

"Kobil," in ji shi, "ranar nan a aji..."

"Sanyi ya yi yawa, domla, ba ku sa hula ba. Ku gaida yayarmu Mastura opa."

Da ya shigo gida tana nan inda ya bar ta. Ta dubi farantin, ta dube shi.

"Ka faɗa?"

"Na faɗa. Amma ba a bakin kasko ba. A ƙofar mahauci."

Ta nuna kwano da haɓa. "Akwai ragowar ƙullu."

Bai gaskata akwai mai shaƙa ba, kuma har yau in Turgun aka ya tambaye shi haka yake amsawa. Amma ya durƙusa, gwiwoyinsa na ƙara, ya tura itace cikin garwashin da bai gama mutuwa ba, ya hura. Ya murza ƙullun ya yi siriri yadda ta ce. Da man ya sake hayaƙi ya riƙe shi a saman kasko, bai dubi matarsa ba, ya kira yarinyar da sunanta, da irin muryar da yake kiranta in abinci ya sauka.