Layin Ƙarshe Na Dutsen Sajan Harold

Har na daina aiki ba zan manta da ranar da wata tsohuwa ta tare ni da sandarta a wata maƙabarta da ke kudancin Manchester ba. Lokacin ina injiniyan duba lafiyar gine-gine a wani kamfani mai yi wa hukumar birnin kwangila, a shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu.

Bari in yi wa sababbin cikinku bayanin aikin. Turawa suna kafa dutse mai rubutu a kan kabari, kuma idan ya tsufa yakan faɗo wa mutum. Aikinmu mu bi su ɗaya bayan ɗaya mu tura da hannu. Wanda ya motsa sai mu ɗaura masa takarda, mu rubuta wa wanda takardar mallakar kabarin ke da sunansa wasiƙa. Idan wa'adi ya cika shiru, sai a yi mafi sauƙi: a haƙa rami a nutsar da kashi ɗaya cikin uku na dutsen a ƙasa. Ni na kawo wannan dabara kamfanin, kuma ina taƙama da ita, don babu dutsen da na nutsar da ya sake yin ko gezau.

Ranar wata Juma'a ce cikin Nuwamba, ana yayyafi. Litinin ma'aikata za su zo da shebur su nutsar da duwatsun da muka sa wa takarda. Tsohuwar, mai suna Doreen, ta nuna takardar da ke jikin wani dogon dutse ta ce, "Kai ka sa hannu a nan?"

Na ce, "Ni ne, Madam. Mun aika wasiƙa ba amsa."

"Wanda kuka rubuta wa kakana ne. Ga shi nan kwance a ƙarƙashin takalminka. Ka karanta dutsen kuwa?"

Gaskiya ban karanta ba. Ni mutumin Kano ne, a garinmu tudun ƙasa ne da guntun tukunya, shi ke nan. Idan na ga dutsen kabari, tsawo da nauyi kawai nake gani. Na durƙusa a cikin taɓo. Sama sunan kakanta, sai na kakarta. Can ƙasa, daidai inda za mu binne, ga layi ɗaya da rabi: ɗansu Harold, saja, an kashe shi a ƙasar Bama, can Asiya.

Ta ce mahaifinta ne. Kwandastan motar haya ne a titin Stockport Road kafin yaƙin duniya na biyu. Aka tura shi Afirka ta Yamma ya horar da sojoji, daga nan ya tafi Bama tare da su. A wasiƙunsa na farko mita yake yi cewa mutanensa ba sa motsawa sai sun yi salla. A na baya kuwa, shi ke tsaron bindigoginsu har su idar. An kashe shi a bakin wani kogi, ya tsaya a baya yana harbi don a haye da masu rauni. Ba a ga gawarsa ba. Ita kuma tana ciki ya tafi.

Ta ce, "Ban taɓa ganinsa ba. Wannan layi da rabin shi ne abin da zan iya taɓawa."

Kunya ta kama ni har wuya. Tsofaffin sojojin Bama da muka taso muna tsokana a unguwarmu, wataƙila akwai wanda ya haye kogin nan.

Da rana na shiga ofishin manajanmu, Mista Keith, mutumin da ba ya son jin kalmar "sai dai". Ya ce, "Sani, tsarinka ne fa. Idan na ɗaga wa ɗaya ƙafa, gobe mutum ɗari za su yi layi."

Na ce, "Tsarina ne, shi ya sa na san inda ya yi yoyo. Ƙa'ida ta ce a sa dutse ya zauna lafiya, ba ta ce a binne suna ba. Akwai sashen da ya yarda a tokare shi da turke har a gano magaji. Magajiyar tana waje, ta jiƙe."

Ya ce to, amma in dutsen ya faɗi, alhakin yana wuyana. Na ce na ɗauka.

Litinin da kaina na kafa turakun. Aka mayar da takardar kabarin sunanta, wani tsohon soja magini ya zo ya sa wa dutsen ƙarfe a gindi. Na koma jerin duwatsun da suka rage, na sami wasu da dama masu irin wannan layi a ƙasa. Waɗanda na riga na nutsar kuwa, har yau ban san sunan wa na rufe ba, kuma abin yana damuna.

Saboda haka ku da za ku fita fili, ku riƙe wannan. Wanda ya mutu a yaƙi nesa da gida, a ƙasan dutse ake maƙala sunansa, don nan ne wuri ya rage. Kafin ka sa hannu ka tura, durƙusa ka share ciyawa ka karanta har ƙarshe. Wando ana wanke shi.